Ginin Makaranta a Ƙasar Gusau: Daga Zauren Malam zuwa Ƙaramar Sakandare

Wurin karatu a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya girmi jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ya girmi zuwan Turawa, har ma ya girmi garin Gusau kansa. A tsawon wannan zamani siffar makaranta ta sauya sau da dama: zaure ne, sai rumfa, sai soro, sai dogon gini na bulo da kwano. Amma sauyin da ya fi tasiri ba a kayan gini yake ba. Yana wajen mai ginin, da kuma wanda alhakin gyara ke kansa idan damina ta wuce ta bar tsaga a bango.

Tsohuwar cibiyar ilmi ta wannan yanki ita ce 'Yandoto, wadda kufanta ke cikin ƙasar Tsafe a yau, kuma har yanzu sunanta ne sarautar Tsafe ke ɗauke da shi. Gari ne na malamai a ƙarƙashin Katsina, ɗalibai suna zuwa masa daga nesa, har lokacin da Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi a farkon shekarun jihadi, malamansa suka watse. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, daga cikin malaman wannan yanki ya fito. A gari irin 'Yandoto babu wani gini guda da za a nuna a ce ga makaranta. Makaranta ita ce gidan malam. Zaurensa ne ajin manya masu karatun littattafai, su zauna a kan buzu ko tabarma, kowa ya jira a zo kansa. Ƙofar gida da inuwar bishiya su ne ajin yara masu allo. Da dare a hura wuta a fili, yara su kewaye ta suna karatu da haskenta, da karan da su da kansu suka yo daga gona. A tsangayu na bayan gari kuwa, gardawa da ƙolaye ne ke kafa bukkokinsu da kara da zana, su sabunta su bayan an yi girbi.

Irin wannan makaranta ba ta da shinge tsakaninta da unguwa. Maƙwabta ne ke ciyar da almajirai, su ne ke kai sadakar Laraba, su ne kuma ke fitowa gayya idan zauren malam yana bukatar yaɓe. Tana da nata aibi, kuma ba ƙarami ba ne: babu makewayi isasshe, babu kariya daga sanyin hunturu, rayuwar yaro ta dogara ga abin da aka ba shi a ƙofar gida. Duk da haka ba a taɓa jin zauren malam ya rushe ana jiran izini daga wani ofis ba.

Ginin ƙasa da waɗannan zaurruka suka tsaya a kai sana'a ce mai tsari, da shugabanta, wato Sarkin Magina, kuma ana gadonta. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana tana ruɓa, a mulmula tubali a shanya a rana, sannan a ɗora bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Rufin soro da azara ake yinsa, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, domin gara ba ta cika cinta ba. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a kan faɗi mai yawa, shi ya sa magina suka ƙware a ɗaurin guga, inda ake jera azara ana ɗaurewa tana lanƙwasa har ɓangarorin su haɗu a tsakiya, a sami ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne abin misali a wannan fanni. Daga waje ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a dama laso da katsin marina a shafe rufi, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin gini.

Amfanin wannan gini ga mai karatu a bayyane yake ga duk wanda ya san bazarar Gusau. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, saboda haka da azahar cikin soro yana da sanyi. Da hunturu kuma yana riƙe ɗumi. Kuɗin da ake biya a kan wannan ni'ima shi ne gyaran shekara-shekara. Hadarin damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa, ruwa yana dukan bangon gabas da iska, kuma soron da aka bari damina biyu ko uku ba a taɓa shi ba zai fara yoyo, daga nan azara ta ruɓe.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, makarantun boko na farko a Arewa ba su kauce wa wannan gini ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da ƙasa aka gina ta. Haka ma Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda gininta na ƙasa yake tsaye har yau a matsayin kayan tarihi. Ba ƙaunar al'ada ce kaɗai ta sa haka ba. Siminti da kwano daga ƙetare ake kawo su, suna da tsada, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta son kashe kuɗi a kan ilmi. Akwai kuma siyasa a ciki, domin makarantar da ta yi kama da gidan hakimi ba ta firgita iyaye kamar baƙon gini.

A wajen 1930, bayan E. R. J. Hussey ya zama daraktan ilmi na Nijeriya a 1929, aka sake tsarin makarantu, aka samar da makarantar midil a tsakanin elemantare da kwaleji. Kusan kowane lardi midil ɗaya gare shi, a hedikwatarsa. A lokacin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna cikin lardin Sakkwato, don haka yaron da ya yi fice a elemantare sai ya tafi Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200, ya zauna a makarantar kwana. Ahmadu Bello ya koyar a wannan midil daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah, kafin kuma a turo shi Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabas. Shehu Shagari ma a can ya yi karatu, daga baya ya koma ya koyar. Ma'anar wannan tsari ga talakan ƙasar Gusau ita ce, makarantar da ta wuce elemantare ba ta garinsu ba ce. Abu ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a nesa, wanda ake ɗaukar yaro a kai shi, wani lokaci ba da son iyayensa ba.

Makarantun elemantare na gundumomi sun fi kusa da jama'a. En'e ce ke gina su daga baitulmali, wato daga harajin da mutanen ƙasar suka biya, hakimi ne ke sa ido, magina na gari ne ke aikin. Idan rufi ya yi yoyo, hedimasta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma wanda zai gyara yana cikin garin. Sai dai ba daidai ba ne a ƙawata wannan zamani fiye da kima. Aikin da ake kira na jama'a sau da yawa aikin tilas ne da dogarai ke tattaro mutane su yi, makarantun kuma ƙalilan ne, 'yan mata a cikinsu sun fi ƙaranci.

Jirgin ƙasa ne ya fara karya darajar tubali. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Taragun da ke kwashe gyaɗa da auduga zuwa kudu su ne ke dawowa da kwano da siminti da katako. Gusau ta bunƙasa da kantunan kamfanonin Turawa da injin gurzar auduga, Sabon Gari ya cika da baƙi daga kudu, su kuma suka zo da makarantun mishan da irin gininsu: dogon layi na azuzuwa, baranda a gaba, kwano a sama. Sannu a hankali rufin kwano ya zama alamar arziki, ginin ƙasa ya zama alamar ƙauyanci. Cibiyoyin gwamnati da aka kafa a yankin, irin su makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bunguɗu, inda Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa kafin ya ajiye a 1950, sun saba wa mutane da wata siffa ta makaranta: fili mai faɗi a bayan gari, gidajen malamai a gefe, filin ƙwallo, gonar makaranta, da layukan dogon yaro. Wannan bishiya, da Turawa suka yaɗa a Arewa, ta yi wa ɗaliban wannan ƙasa hidimar da ba a cika lissafawa ba, domin a makarantu da yawa inuwarta ce ajin da ya fi daɗin zama da rana.

A shekarun 1950 aka soke midil, wasu suka zama sakandaren lardi, azuzuwanta na ƙasa suka koma babbar firamare. Babban sauyi ya zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yaran da suka fito sun zarce ƙiyasin da aka yi, kuɗin man fetur kuma yana nan, sai aka shiga gina azuzuwa da gaggawa. A shekarar ce aka sake fasalin ƙananan hukumomi, ikon En'e ya ƙare. Daga nan aikin ginin makaranta ya koma hannun ɗan kwangila, da zane guda da ake aikowa daga ma'aikata, wanda za a gina shi iri ɗaya a Tsafe da Legas. Bulo ne mai rami, siriri, wani lokaci yashi ya fi siminti yawa. Rufin kwano ne a kan katakon da ba a yi wa maganin gara ba. Tagogi na ƙarfe ko katako, silin kuma idan an samu. Ba a tambayar inda rana ke fitowa ko inda hadari ke tasowa; gini yana fuskantar titi ne, don mai wucewa ya gani.

Illar wannan zane iri biyu ce. Kwano yana ɗaukar zafi nan take ya sauke shi a kan yara, ta yadda daga ƙarfe goma sha biyu a watan Afrilu karatu yakan gagara, idan kuma ruwa ya sauko ƙarar rufi ta hana jin muryar malami. Ta biyu ita ce guguwar farkon damina, wadda ke yaye rufin da ba a ɗaure shi da bango da kyau ba. Ajin da rufinsa ya tashi a watan Yuni yana iya shekara a buɗe, don mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba, kuma ko sun so gyarawa, kayan da kuɗin ba a hannunsu suke ba. Kalmar "kayan gwamnati" ta samu ma'anar abin da ba shi da mai shi.

Ƙaramar sakandare, wadda ita ce ta gaji gurbin tsohuwar midil, ta samo asali daga manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, aka fara aiwatar da ita a 1982 a tsarin 6-3-3-4. An tsara ta ne domin yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar su haɗa karatu da koyon sana'a: aikin katako, ƙarfe, lantarki, noma, da tattalin gida. Wannan yana bukatar ɗakunan aiki da wutar lantarki. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama a faɗin ƙasar sun tsufa a cikin akwatunansu saboda babu ɗakin da za a girka su ko wutar da za ta juya su. Tsadar rayuwa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta tsayar da gyare-gyare. Daga baya aka riƙa samun hukumomin agaji, PTF da ETF da sauransu, kowacce ta gina ɓangare guda ko ta yi fenti, ta rubuta sunanta da shekara a jikin bango. Mai lura yana iya karanta tarihin kasafin kuɗin Nijeriya a bangon makaranta ɗaya a Tudun Wadar Gusau, gini-gini, kowanne da launinsa, babu wanda aka yi da tunanin na kusa da shi.

Shirin ilmin bai-ɗaya, wato UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, da dokarsa ta 2004, ya haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na wajibi. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Wannan ne ya kai ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo garuruwan da ba su taɓa samunta ba, wani lokaci a cikin harabar firamare, ana raba azuzuwa. A tsakiyar shekarun 2000 aka amince da kafa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, mai ɗauke da mai unguwa ko dagaci, da liman, da iyaye maza da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a. Inda aka ba kwamitin kuɗi kai tsaye ya yi ƙananan gyare-gyare, aikin yakan fi arha, don kafinta da birkila 'yan gari ne, kuma 'ya'yansu ne za su zauna a ƙarƙashin rufin. Inda aka bar shi da suna kawai, taro ne da shan ruwa.

Matsalar tsaro ta ƙara wani sharaɗi da magina na dā ba su sani ba. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Satumba na shekarar aka sace wasu ɗaliban a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Tsarin da aka gada daga Turawa, na ajiye makaranta a daji bayan gari don samun fili da natsuwa, ya zama haɗari. Katanga da ƙofa da mai gadi sun shiga lissafi, kuma suna cin kuɗin da zai gina azuzuwa da yawa. Amma katanga ita kaɗai ba ta tare masu zuwa a kan babura da dare. Abin da ya fi kare makaranta shi ne kasancewarta a cikin mutane, inda ihu ɗaya zai tayar da unguwa, kuma yaro zai kwana gidan iyayensa. Ta wannan hanya mai ɗaci makaranta ta fara komawa inda zauren malam yake tun farko.

Masu zanen gini na wannan zamani da ke neman makaranta mai ɗorewa a ƙasashen Sahel suna da misalai a kusa. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya kammala makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa da aka haɗa da ɗan siminti aka matse. Ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa, ya bar rata a tsakani, iska tana ratsawa tana kwashe zafi, kwanon kuma ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, suka koyi gyaransa. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya sami lambar Pritzker a 2022. A ƙasar Hausa kanta, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da matsattsen bulon ƙasa, aka gama a 2018, tare da maginan yankin.

Dabarun da irin waɗannan ayyuka suka tabbatar suna da sauƙin ɗauka a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, inda jar ƙasa da dutse suke ko'ina, tun daga gindin dutsen Kwatarkwashi. A shimfiɗa tsawon gini daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu, ta yadda ranar safe da ta yamma za su bugi gajeren bango kawai. A ɗora bangon ƙasa a kan harsashin dutse ko kankare don kada lema ta ci gindinsa. A ɗaure rufi da ƙarfe har cikin bango. Ruwan da ke sauka daga kwanon aji uku a damina guda yana da yawan da zai cika babban tanki, a shayar da bishiyoyi a wanke hannu. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ta rage dogaro ga janareto. Makewayi na 'yan mata daban, mai ƙofa da ruwa, yana cikin abubuwan da ke sa yarinyar da ta fara girma ta ci gaba da zuwa makaranta, ko da yake shi ne abin da ake fara yankewa idan kuɗin kwangila ya gaza. Azara kam ba za ta dawo yadda take ba, don giginya ta yi ƙaranci kuma tana daɗewa kafin ta girma, shi ya sa sabon zane ke haɗa bangon ƙasa da rufin ƙarfe.

Cikas ɗin da ya rage na tsari ne. Takardun kwangilar gwamnati an rubuta su ne da lissafin bulon siminti, injiniyan da zai sa hannu bai saba auna ƙarfin bulon ƙasa ba, iyaye da yawa kuma suna ganin an raina su idan aka ce za a yi wa 'ya'yansu makarantar ƙasa alhali sakatariya ta siminti ce. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, 'ya'yansu sun koma birkiloli. Kasafin ilmi yana da layin sabon gini da layin gyaran da aka yi wa kwangila bayan abu ya lalace, amma ba kasafai yake da ƙaramin kuɗin shekara-shekara da hedimasta da kwamitinsa za su sayi ƙusa da kwano biyu kafin hadarin Yuni ba. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi, aka shiga gyara da gina makarantu a ƙananan hukumomi 14 na jihar, mafi yawansu a kan zanen bulo da kwano da aka gada daga zamanin UPE.